Labarin Haihuwar Almasihu da Yadda Ya Sami Murya a Ƙasar Zazzau

A arewacin ƙasar Zazzau, inda fadamun rake suka taso daga Kudan da Hunƙuyi suka ratsa Maƙarfi da Ɗandamisa har suka doshi Ikara, watan Disamba wata ne na sanyi da wadata, domin a lokacin dawa da masara sun shiga rumbu, hunturu ya sauko da hazonsa, masu mazarƙwaila sun girka tukwanensu a bakin gona, Fulani kuwa sun shigo da dukiyarsu cikin karan da aka girbe. A cikin wannan wata ne, in dare ya yi, ake jiyo muryoyin mata da samari daga waɗansu unguwannin karkara, waɗanda mutanensu Hausawa ne kaka da kakanni amma Kirista, suna bitar waƙoƙin da za su rera ranar 25 ga wata, ranar da suke tunawa da haihuwar Almasihu Isa ɗan Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Labarin da suke rerawa ya riga Turawa zuwa ƙasar nan da ƙarnuka masu yawa. Abin da Turawa suka zo da shi wata hanya ce ta rera shi, kuma sai da aka shafe wajen shekara hamsin ana ɗauki ba daɗi kafin wannan hanya da harshen Hausa su fahimci juna.

Tun sa'ad da Musulunci ya zauna da gindinsa a biranen Hausa, babu almajirin da zai sauke Alƙur'ani face ya rubuta Suratu Maryam a allonsa, ya kuma ji malaminsa yana warware masa ƙissar da ke cikinta: yadda Annabi Zakariya ya roƙi Ubangijinsa magaji bayan tsufa ya kama shi, aka yi masa bushara da Yahaya, yadda Mala'ika Jibrilu ya zo wa Nana Maryamu da albishirin ɗa alhali ba ta san namiji ba, yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka tanadar mata abin ci da abin sha, da yadda jaririn ya yi magana yana cikin tsumman goyo, ya wanke mahaifiyarsa daga zargin mutanenta. Wannan sura ce, kamar yadda ma'abuta sira suka ruwaito, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi lokacin hijirar Habasha, har sarkin da malaman fadarsa suka zubar da hawaye, ya kuma ƙi miƙa Musulmi ga jakadun Ƙuraishawa. Masu tafsiri a Zariya suna isowa wannan wuri a watannin azumi shekara da shekaru, kuma gidan da ba ka sami Isa a cikinsa ba za ka sami Mairo ko Zakari ko Yahaya. Ba a ɓoye saɓanin da ke tsakanin addinan biyu, don babba ne: Musulmi yana riƙe da cewa wanda aka haifa bawan Allah ne kuma ManzonSa, Kirista kuwa yana kiransa Ɗan Allah Mai Ceto. Amma a kan budurcin uwar, da zuwan mala'ika, da girman abin da aka haifa, bakinsu ɗaya ne. Haka kuma raya dare da baitoci saboda tunawa da wata haihuwa ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, tun da yake Ishiriniyar Alfazazi mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1230, ita ake kwana ana rerawa a zaurukan malamai duk watan Mauludi.

Kirista suna ɗauko labarin daga biyu cikin Linjilolinsu huɗu. Matiyu ya kawo mafarkin Yusufu masassaƙi, da masana taurari da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, da kishin sarki Hirudus wanda ya sa aka karkashe 'yan yaran Baitalami, da gudun hijira zuwa Masar. Luka kuwa ya kawo ƙidayar da Kaisar Augustas ya yi umarni da ita, da tafiya daga Nazarat, da rashin wuri a masauki, da kwantar da jariri a komin dabbobi, da makiyayan da ke tsaron garkensu da dare. Abin lura a wurin Luka shi ne, a cikin babi biyu kurum sau huɗu yana dakatar da labari don wani ya ɗaga murya da yabo: Maryamu a gidan 'yar'uwarta Alisabatu, Zakariya a ranar da harshensa ya kwance, rundunar mala'iku a kan makiyaya, da tsoho Saminu a Haikali sa'ad da ya karɓi jaririn a hannunsa. Ke nan tun daga tushe labarin da waƙarsa a jiki ya zo, masu zuwa daga baya murya kawai suka sa masa.

Mafi daɗewar shaida a rubuce ta kiyaye ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, tana kuma komawa ga shekara ta 336. Amma manyan mawaƙan farko na wannan haihuwa mutanen gabas ne, maƙwabtan Larabawa. Ifraimu Basuryane, wanda ya rasu a garin Ruha a 373, ya tsara waƙoƙin haihuwar Almasihu masu yawa da harshen Suryaniyanci, kowace da amshinta, an kuma ruwaito cewa mata ya tara ya koya wa rera su a majami'a. A ƙarni na 6 wani mutumin Himsa ta ƙasar Sham mai suna Romanos ya shahara a Ƙusɗanɗiniya da doguwar waƙarsa ta wannan biki, a cikin ƙarnin kuma Yared ya tsara wa ikilisiyar Habasha waƙoƙin ibadarta a Aksum, waɗanda har yau ake yin su da ganguna da ƙararrawar hannu da sandunan dogarawa. Ya kamata a riƙe wannan na Habasha a zuci, domin zai yi amfani idan maganar ganga ta taso a ƙasarmu.

Abin da Turai ta ƙara shi ne rubuta murya da kuma rarraba ta. Wajen shekara ta 1030 wani rahibi Ba'italiye, Guido mutumin Arezzo, ya daidaita hanyar zana hawa da saukar murya a kan layuka, ya kuma ba matakan murya sunaye don almajirai su riƙe. Da aka iya rubuta murya, sai ya yiwu a ce mutum huɗu su rera abu huɗu dabam-dabam a lokaci guda, su haɗu su ba da daɗi ɗaya, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙi masu murya huɗu da suka saura, wadda Perotin ya tsara a babbar majami'ar Paris wajen 1200, ta kwanakin wannan biki ce. Wannan fanni ya kai ƙololuwarsa a hannun Jamusawa biyu: Bach, wanda ya kasa labarin kashi shida aka rera a majami'un Leipzig daga 25 ga Disamba 1734 zuwa 6 ga Janairu 1735, da Handel, wanda aka fara rera babban aikinsa mai suna Messiah a Dublin a 1742. Ingila ita kanta ta taɓa yin wa bikin tawaye, don majalisarta ta hana shi a 1647 bisa fatawar masu tsananin ra'ayi da ke ganinsa bidi'a, bai dawo ba sai da sarauta ta dawo a 1660. A ƙarni na 19 ne Ingilishi suka rungume shi da hannu biyu, suka tara littattafan waƙoƙin ibada, wani limami mai suna John Curwen kuma ya yaɗa hanya mai sauƙi ta rubuta murya da baƙaƙe, do re mi, wadda talaka zai koya ba tare da kayan kiɗa ba. A 1880 aka fara wata ibada a garin Truro inda ake karanta nassi tara ana rera waƙa a tsakaninsu, Cambridge ta ɗauka a 1918, rediyo ya baza ta duniya daga 1928. Da wannan guzuri 'yan mishan suka nufo Arewa.

Linjila ta fara shiga Hausa a rubuce ne a can Ingila. Wani Bajamushe ma'aikacin mishan ɗin CMS, James Frederick Schön, wanda ya shiga ayarin binciken kogin Kwara a 1841, ya zauna da wani yaro Bahaushe daga wajen Damagaram mai suna Dorugu, wanda Baturen nan mai yawon bincike Barth ya tafi da shi Turai a 1855, daga bakinsa ya gyara Hausarsa har aka buga Linjilar Matiyu a 1857. Sai dai masu karanta ta a ƙasar Hausa ba su taka kara sun karya ba. A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller, Sarkin Kano Alu kuwa ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma wani gari mai suna Girku, daga bisani Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya duƙufa a kan fassara, har da sassan littafin addu'o'in ikilisiyarsa. Sarkin Zazzau na wannan zamani, Aliyu ɗan Sidi, shi kansa gwanin waƙa ne wanda ya san aruli ciki da bai, kuma zamansa da likitan bai yi daɗi ba. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka karɓi addinin a birni ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Jama'ar farko da ta isa a kira ta jama'a daga wata ƙofa ta fito, wadda Miller bai san da ita ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda ya yi ta bibiyar ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa har ya kai ga fifita shi, ya tara almajirai a kan haka; aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kurmi wajen shekara ta 1867. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa iyakokin Kano da Ningi da Zazzau, suna noma suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, ba su da Linjila, ba su taɓa ganin majami'a ba, abin da suka sani na haihuwar Almasihu shi ne abin da ke cikin Suratu Maryam da Ali Imrana. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya suka sami Miller, suka ji sauran labarin ta bakin Luka da Matiyu, wani sashe nasu ya karɓi baftisma. Aka nema musu wurin zama a Gimi, a nan ƙasar Maƙarfi, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta kai Kano a 1911, aka ɗora wani limami baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, a kan al'amarinsu. Suka sare daji, suka gina gidaje da makaranta da ɗakin ibada, yawansu ya haura ɗari. Ana kuma danganta farkon matse rake da dafa shi a wannan yanki da zaman nan nasu, da yake Thompson daga ƙasar rake ya fito. Tsarin ibadar Angilika ya ajiye yabon Zakariya a addu'ar safe, na Maryamu da na Saminu a addu'ar maraice, saboda haka a Gimi, tafiyar da ba ta da nisa daga Ɗandamisa, labarin haihuwar ya zama abin faɗa da Hausa a bakin manoma safe da yamma, ba sai an jira Disamba ba.

Zaman bai daɗe ba. Ƙoramun wurin cike suke da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga garin, ya bi gida gida yana ɗaukar manya da yara, a lokacin kuwa babu maganin da za a dogara da shi. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1920 Gimin Kirista ta zama kufai, aka kwashe marayu da sauran waɗanda suka tsira zuwa Zariya. Gwamnatin Turawa ba ta tashi haiƙan a kan wannan cuta a yankin ba sai a 1937, da ta fara aikin Anchau, ta sare kurmin rafuka, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai iya jin waƙar Kirsimeti a ƙauyukan Maƙarfi da kunnen wasa ba, gama waɗanda suka fara ta a wannan ƙasa mafi yawansu suna kwance a cikinta.

A 1929 mishan ta bar cikin ganuwar Zariya ta koma gindin dutsen Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawus mai tsarki. Magina Hausawa suka gina ta da tubali da azara da bakan gizo, da irin fasahar da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ita a shekarun 1830, har wanda ya hango ta daga nesa zai ɗauka soron wani basarake ne. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Miller ya fi kowa wahala a kansa. Makarantar Wusasa da asibitinta suka yi suna, daga wannan ƙaramar al'umma kuma aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda mahaifinsa mai bishara ne a wurin. A irin waɗannan makarantu ne 'ya'yan Hausawa suka koyi tsayawa sahu-sahu, a raba su murya huɗu, siririya ta sama da mai bi mata, ta samari ta tsakiya da kakkaura ta ƙasa, malami yana rubuta do re mi a allo, ana taka wa ƙaramin ogan zugazuginsa da ƙafa.

To, ginin ya zama Bahaushe tun ranar farko, amma waƙar ta daɗe ba ta zama ba, kuma dalilin yana cikin halittar harsunan biyu. Waƙar Ingilishi a kan nauyin bugun gaɓa take tafiya, wata gaɓa a danne ta wata a sake ta; Hausa kuwa a kan tsawo da gajartar gaɓa take tafiya, da kuma hawa da saukar murya a cikin kalma. Wannan ne ya sa malamanmu na jihadi, Shehu Usmanu da Abdullahi da Nana Asma'u da waɗanda suka biyo su, suka iya ɗauko bahar na Larabawa, Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir, suka zuba Hausa a ciki ta zauna daram, domin Larabci ma da doguwar gaɓa da gajera yake auna baiti. Masu fassarar mishan ba su bi ta wannan ƙofa ba, ko da yake tana buɗe a gabansu a kowane zaure na Zariya; ƙirga gaɓoɓi kurum suka yi, in layin Ingilishi yana da takwas su nemo takwas na Hausa su ɗora a kan karin da aka tsara wa wani harshe. Sai karin ya ja gajeriyar gaɓa ya tsawaita ta, ya haɗiye doguwa, ya ɗaga murya inda kalma ke son sauka, har garin da mutane ke zaune a ciki ya koma garin da ake tuƙa tuwo da shi. Mawaƙin Hausa yakan ɗan yi wasa da hawa da saukar murya in kari ya matsa masa, amma ba ya wasa da tsawon gaɓa, kuma kunnen da ya tashi da Imfirajin Aliyu Namangi ba ya bukatar a gaya masa cewa wani abu ya karye. Abin ya zama tamkar rigar aro, tana rufe jiki amma kafaɗa ba ta zauna ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a raina waɗannan waƙoƙi, kuma ni ba na raina su. Tsararraki uku ko huɗu sun tashi da su, da su aka yi musu baftisma, da su aka ɗaura musu aure, da su suka binne iyayensu. Kuma murya huɗu da ta daidaita a ƙarƙashin rufin ƙasa, inda katanga mai kauri ke riƙe sauti ta mayar da shi a hankali, tana da wani kwarjini wanda ko wanda bai yarda da kalmomin ba zai ji shi a ƙirjinsa. Abin da nake cewa shi ne hanyar ta tsaya a kan 'yan makaranta, ba ta isa ga mai daka da mai noma ba. Mutanen Kudu sun riga mu gane wannan ciwo, don harsunansu sun fi namu dogara ga hawa da saukar murya: Canon J. J. Ransome-Kuti na Abeokuta ya tsara waƙoƙin ibada a kan karin Yarabawa har ya je London ya ɗauke su a faifan garmaho a 1922, Ikoli Harcourt Whyte kuwa, wanda ya yi rayuwarsa a zangon kutare na Uzuakoli, ya nuna cewa ana iya haɗa murya huɗu ba tare da an karya harshen Ibo ba.

A Arewa akwai wani shinge kuma, wato ganga. Yawancin 'yan mishan na farko sun hana kayan kiɗan gargajiya shiga majami'a, saboda sun gan su a wurin bori da wurin giya, ba su kuwa tuna cewa ikilisiyar Habasha, wadda ta girmi tasu, da ganga take yabon Ubangiji ba. Waɗanda suka rushe wannan shinge ba limamai ba ne, mata ne. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta kafu a ikilisiyoyin Arewa tun kafin samun mulkin kai, ta shigo da tulun ƙasa da ake bugun bakinsa ya ba da kakkaurar murya, da ƙananan ganguna da caki da kuge, ta kuma shigo da tsarin da kowace mace ta sani tun daga dandali da bakin turmi: ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Daga farkon shekarun 1960 yunƙurin Sabon Rai Don Kowa ya bi da ƙungiyoyin mawaƙa ƙauye ƙauye, gidan rediyon Muryar Bishara, wanda ke shirya shirye-shiryensa a Jos ana watsa su daga Addis Ababa tun 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977, ya kai waɗannan muryoyi inda mai wa'azi bai taka ba, majalisar Fatikan ta biyu kuma, daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe wa Katolika ƙofar yin ibada da harshen gida. A cikin wannan zamani ne Maguzawan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan suka tsaya a mararraba: da yawa suka musulunta, musamman tun yawon wa'azin Sardauna Ahmadu Bello, waɗansu kuma, galibi daga shekarun 1970, suka shiga Kiristanci. Waɗannan ba su bi ta makarantar mishan ba, saboda haka da muryarsu ta gida suka shigo, ta waƙar daka da ta gayya da ta gaɗa, suka ɗora labarin Baitalami a kanta, kowace gaɓa ta zauna a mazauninta.

Kuma babu shakka labarin ya sami masu sauraro da ba su bukatar sharhi. Manomin da kakansa ya ba shi labarin yadda ake ƙirga kawuna saboda haraji da shanu saboda jangali ya san abin da umarnin ƙidaya ke nufi ga talaka. Makiyaya masu kwana a fili da dabbobinsu ga su nan a bayan gari a daidai wannan wata. Macen Bahaushiya kuwa, wadda al'ada ta ce in cikin fari ya tsufa a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, a nemo ungozoma, a tara itacen wankan jego, ita ta fi kowa sanin nauyin a ce yarinya ta haifi ɗan farinta a garin da ba nata ba, babu uwa a kusa, babu ɗaki, babu ruwan zafi. Inda mawaƙan Turai suka fi tsayawa a kan hasken mala'iku da ɗaukakar sarauta, zuciyarta a kan mai jegon take tsayawa. Luka ya ce an raɗa wa yaron suna a rana ta takwas, wato ranar da mu ma muke taron suna, an kuma kai shi Haikali bayan kwana arba'in, iyayensa suka miƙa 'yan tsuntsaye biyu, hadayar da Attaura ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Magidancin da ya taɓa kwana yana tunanin inda zai samo ragon suna ya fahimci wannan ayar tun kafin fasto ya buɗe baki.

A zamanin nan, in ranar Kirsimeti ta zo, hanyoyin biyu suna zaune a majami'a ɗaya. 'Yan kwaya su tashi da littafinsu su rera fassararrun waƙoƙi da murya huɗu, matan Zumunta su tashi da ankonsu da tulunansu su bi labarin daki-daki daga zuwan mala'ika har gudun Masar, matasa da yara kowa ya yi nasa, a fito a rarraba shinkafa da nama har gidajen maƙwabta Musulmi, waɗanda su ma za su rama da tuwon sallah. Wannan zumunci ya sha jarrabawa, musamman a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya da Wusasa aka ƙone majami'u masu yawa, abin da ya bar tabo a zukatan mutanen da harshensu ɗaya, kakanninsu ɗaya. An sake gini, ikilisiyar Angilika kuma ta kai ga naɗa bishop a Wusasa da wani a Ikara.

Abin da ke damuna yanzu daga wata fuska yake. Janareta da lasifika da kibod sun shiga har ƙananan majami'un karkara, samari suna kwaikwayon abin da suke ji a waya daga Legas da Amurka, ƙarar na'ura kuma tana danne tulu da amshi baki ɗaya. Fassararrun waƙoƙi ba su cikin haɗari, don suna cikin littafi, kowace da lambarta, ana sake buga su. Waƙoƙin mata kuwa, waɗanda su ne suka mayar da labarin Bahaushe, mafi yawansu ba a rubuce suke ba, suna cikin kan mai ba da waƙa ne, in ta tsufa ta rasu sai a nemi rabinsu a rasa. Masana harshe da adabi a jami'o'inmu sun yi aiki mai kyau wajen tattara waƙoƙin Narambaɗa da Shata da Ɗan Anace, suka rubuta su, suka yi musu sharhi. Daga Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, zuwa ƙauyukan Maƙarfi da Ikara tafiyar sa'a ɗaya ce ko biyu a mota, kuma waƙoƙin da ake rerawa a can cikin Disamba sun cancanci a ɗauke su a rubuta, da sunan matar da ta tsara kowace ɗaya da sunan unguwarsu.